Makullin Ɗakin Lambu Yana Bakin Zanin Hajiya

Gwaggo, barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu wata takwas ke nan, Allah Ya jiƙansa. Malamin gona ne tun zamanin shirin raya noma na Funtuwa, da ya yi ritaya kuma sai ya mai da bayan gidanmu lambu. A ƙarshen lambun akwai ɗakin kwano inda yake ajiye kayan aikinsa, a nan yake gyare-gyarensa, a nan yake wuni. Yanzu ɗakin ya cika maƙil: buhunan taki, galan-galan na maganin feshi, tsohon injin ban ruwa, mataccen janareto, batura, ƙarafa, gwangwanayen iri. Ɓeraye sun mai da shi gida, matata ta ga saɓar maciji a bakin ƙofa, ƙasan ƙofar kuma ya ruɓe har yarana biyu suna iya kutsawa. Ina so in kwashe shirgin, in gyara ɗakin, in tayar da lambun kafin damina. Amma Hajiya ta ƙulle makullin a bakin zaninta. Duk ranar da na ɗauko maganar sai ta ce, “Ku bari sai na bi shi,” ta fara hawaye. Ƙanina ya ce mu jira ranar da za ta tafi biki Zariya, mu ɓalle kwaɗon, mu kira 'yan gwangwan su share wurin, in ta dawo ta yi faɗanta ta gama. Mu bakwai ne, mata biyu suna gidan aure, autanmu yana sakandare, kuma ba a raba gado ba tukuna. In bi shawarar ƙanina?

Ɗanki, daga Funtuwa

Ɗana, Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashi.

Kada ka bi shawarar ƙaninka. Ba don mugun yaro ba ne, gajiya ya yi da kallon ƙofar nan, kamar yadda kai ma ka gaji. Amma abin da yake shirya muku ba faɗan kwana ɗaya ba ne. Na sani domin an yi mana. Da mahaifinmu ya rasu, yayyena maza suka share ɗakinsa ranar da Innarmu ta je gaisuwar mutuwa ƙauye. Suka yi fenti, suka sa sabon labule, suna jiran a sa musu albarka. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Abu ɗaya ta tambaya: ina 'yar fartanyar nan da yake nome gindin lalle da ita? Fartanya ce da ko kyauta ba wanda zai karɓa, bakinta ya cinye saura kamar tafin hannun yaro, ƙotar ta yi baƙi ta yi santsi, inda babban yatsansa yake zama har ya lotsa. Ta riga ta tafi a kurar mai jari-bola. Shekara goma sha ɗaya Inna ta yi bayansa, kuma duk sanda aka yi maganar ɗakin sai ta ce, “Ai ba a tambaye ni ba.” Da na san haka faɗan yake, da na gwammace ta zage mu.

Ga kuma abin da ƙaninka bai lissafa ba. Tun ranar da Malam ya cika, kayan ɗakin nan sun tashi daga nasa sun koma na magada, kuma ba kai kaɗai ba ne magaji. Hajiya tana da tumuninta a cikin injin ban ruwan nan. Ƙannenka mata da ke gidan aure suna da rabonsu a cikin kowace ƙusa. Autanku, in bai mallaki hankalin kansa ba, dukiyar maraya ce kake shirin ɗora wa a sikelin ɗan gwangwan. Kafin ma a zo kan rabo akwai bashi da wasiyya, akwai kuma kayan aro, wanda a ɗakin malamin gona ba a rasa shi: injin feshin maƙwabci da aka kawo gyara, baro da wani ya bari tun bara, sifana ta makanikin unguwa. Kai ba ka san su ba. Wa ya san su? Matar da ta shekara arba'in tana jin sallamar masu zuwa aro da masu dawo da aro. Ka ga ashe makullin nan yana hannun da ya kamata.

To amma akwai abin da ba zai jira hawayen kowa ba, kuma a nan zan daɗe, domin wasiƙarka ta tayar min da hankali a layi ɗaya: yara biyu suna kutsawa ɗakin da ke cike da maganin feshi. Yau ɗin nan, kafin ka gama karanta amsata in da hali, ka sami falle na kwano ko katako ka buga a ƙasan ƙofar daga waje. Wannan ba ya bukatar makulli, ba ya bukatar izinin kowa.

Mutumin da ya fara aikin gona a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da shirin Funtuwa da na Gusau da na Gombe suke rarraba taki da magani ga manoma, ya ratsa zamanin magungunan da yau an hana su. Ba zan yi mamaki ba in ka tarar da Gammalin 20 a lungu. Sinadarin da ke cikinsa, lindane, an sa shi cikin jerin gubar da ƙasashen duniya suka amince a daina a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm tun 2009, domin ba ya ruɓewa da wuri, yana zama a ƙasa da jikin mutum. Za ka iya samun Gramoxone na kashe ciyawa, wanda kurɓi ɗaya yana iya kashe babba, kuma ba shi da makari. Za ka iya samun ƙwayar Phostoxin da ake jefawa a buhun hatsi. Ita wannan da ta ji danshi sai ta fara fitar da iska mai guba, shi ya sa ba a ajiye ta kusa da inda ake kwana, ba a zuba mata ruwa, in gwangwaninta ya kumbura kuma ba a buɗe shi don a leƙa. Sai fiya-fiya da Sniper, da kowa ya raina saboda ana ganinsu kullum. Mafi muni duka shi ne wanda ba shi da suna: ragowar magani da aka juye a kwalbar lemo ko gorar ruwa don kada ya zube. Manoma da yawa suna yi, har da masu ilimin. Shi Malam ya san abin da ke ciki. Jikansa mai shekara uku kwalbar lemo kawai yake gani.

Da wannan za ka je wa Hajiya, ba da maganar shirgi ba. Ka daina cewa shirgi a gabanta ma gaba ɗaya. Kai kana nufin tsatsa da kashin ɓera, ita kuma tana jin ka kira shekarun mijinta shara. Ka same ta bayan la'asar, ba a gaban matarka ba, ba a gaban ƙaninka ba, ka zauna ƙasa ka ce, “Hajiya, ba na son a taɓa kayan Baba. Guba ce kawai nake tsoro, yaran nan suna shiga. Ki zo ki buɗe da hannunki, ki zauna ki gani, in fitar da magungunan kawai, ki mayar da kwaɗonki.” Ban san kakar da za ta ji an haɗa sunan jikanta da guba ta ce a'a ba. In ta ƙi ji daga bakinka, akwai wanda take jin nauyinsa, ƙanin Malam ko yayarta ko limamin unguwa. Kuma in ka yi alkawarin magani kawai, to magani kawai. Kada ka ga ƙofa a buɗe ka ce bari in haɗa da wannan tsohuwar tayar. Ranar farko amana ake ginawa.

Yadda za ka shiga ma akwai magana. Ka buɗe ƙofa da taga ka bar ɗakin ya sha iska kamar rabin awa kafin kowa ya sa ƙafa. Da rana tsaka, da takalmin roba mai tsawo, da safar hannu ta roba, da takunkumi, da tocila da doguwar sanda. Kada ka sa hannu inda idonka bai riga ya shiga ba: bayan buhu, cikin tsohon takalmi, ƙarƙashin kwano. Ka ture da sanda tukuna. Maciji ba don son ɗakin ya zo ba, ɓera ya biyo, kuma inda aka ga saɓa mai ita bai yi nisa ba. In kumurci ne yana iya tofi a ido, maganinsa na farko ruwa mai yawa, a yi ta wankewa sannan a tafi asibiti. In sara ne, Allah Ya kiyaye, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau da igiya. A kwantar da hankalin mutum, a hana gaɓar motsi, a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji. Kububuwa ƙarama ce, ba ta cika kamu uku ba, amma je ka Kaltungo a jihar Gombe, inda asibitin saran maciji yake, ka ji wadda ta fi kai musu mutane.

Kashin ɓeran kuma kada ka sa masa tsintsiya a bushe. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, kuma da rani ya fi tashi, daidai lokacin da kake son yin aikin. Ka haɗa ruwan bilic, Jik ko Hypo, awo ɗaya a awo tara na ruwa, ka yayyafa har wurin ya jiƙe, ka bar shi 'yan mintoci, sannan ka kwashe da shebur. Sai bayan ka fitar da magunguna za ka yi wannan, saboda ƙwayar nan da na ce ba ta son ruwa. Duk wani hatsi ko gyaɗa da ka tarar ɓera ya shiga, ba na ci ba ne, ko na kaji.

Magungunan da ka fitar, ga inda mutane suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ba a tuttule su a kwata, ba a zuba su a masai, domin rijiyarku da ta maƙwabta ƙasa ɗaya suke sha. Ba a ƙona su, hayaƙin ya fi ruwan sharri. Ba a miƙa wa ɗan gwangwan galan ɗin, domin gobe za ka gan shi a hannun mai sayar da manja ko almajiri yana ɗiban ruwa. Ka sami bokitin roba mai murfi ko rabin duro, ka zuba yashi ko garin katako a ƙasa, ka jera su a tsaye kowanne a mazubinsa, kada ka haɗa wani da wani don rage yawa. Na gari da na ƙwaya su sami nasu mazubin daban, a bushe. Ka kulle inda yaro ba ya kaiwa, nesa da ɗakin kwana da madafa. Sannan ka je ofishin malaman gona na ƙaramar hukuma, abokan aikin Malam ne ko ɗalibansa, su duba su gaya maka wanda bai lalace ba da za a iya amfani da shi, da wanda sai an miƙa wa hukumar NAFDAC ko ta muhalli. Ka gaya wa matarka wannan kuma, ta riƙe: in yaro ya sha irin wannan abu, ba a ɗura masa manja ko madara, ba a sa masa yatsa ya yi amai. A cire masa rigar da ta jiƙe, a ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti.

Baturan ma su fita ranar, amma ka gaya wa Hajiya tun farko cewa su da tsohon fetur suna cikin abin da za a fitar tare da magungunan. Akwai ruwan batir mai ƙuna, akwai dalma, kuma mu da muka ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kada a fasa su a gida. Tsohon fetur da ke jarka ko tankin inji shi ma a fitar da shi daga ƙarƙashin kwanon nan mai zafi.

In an yi wannan, gaggawa ta ƙare. Sauran kayan sun yi wata takwas suna jira, za su iya ƙara wata ɗaya. A cikin watan ka kira 'yan'uwanka duka, har matan, ko ta waya ce, ku tsayar da magana: ko dai a yi rabon gado gaba ɗaya, ko kowa ya yarda da bakinsa a gyara ɗakin, a rubuta abin da ke ciki, abin da aka sayar a ajiye kuɗinsa cikin gado. Littafi ɗaya na 'yan makaranta ya isa. Kada ka raina rubutun. 'Yan'uwa ba su cika ɓatawa a kan gida ba kamar yadda suke ɓatawa a kan “ina injin Baba ya shiga?”

Ranar babban aikin, ka shimfiɗa wa Hajiya tabarma a inuwar da yake zama, inda take ganin ƙofa. Duk abin da aka fito da shi ya bi ta gabanta. Za ka ji labarin da ba ka taɓa ji ba: wannan zarton ranar sunanka ya saye shi, wannan garwar ta gidan wane ce a mayar musu. Aikin da za ku gama a wuni ɗaya zai ci kwana uku, za ta yi kuka, wataƙila kai ma ka yi. Ka bar ta ta ware abin da take so ba tare da ka tambaye ta amfaninsa ba. In ta ce a bar mata hular kaba da ta yage, a bar mata. Abin da na lura shi ne, wadda aka ba ta ikon cewa “wannan a bari” ita ce da bakinta take fara cewa “wannan kam a fitar.”

Kai kuma kada ka yi saurin yanke wa ƙarfe hukunci. Tsatsar sama ba mutuwa ba ce. Fartanya, garma, lauje, adda, manjagara, diga, in ka goge su da kananzir da sanfefa ka shafa musu mai, maƙeri ya wasa baki ya sa sabuwar ƙota, za su fi yawancin na kasuwar yau ƙwari. Injin ban ruwa da ya daɗe a ajiye, sau da yawa tsohon fetur ne ya daskare ya toshe kafireta, ka kai wa makanike ya duba kafin ka kira shi matacce. Injin feshi robobinsa ne suke bushewa, ana sayar da su daban. Abin da ya mutu da gaske shi za a sayar, shi ma a ware: tagulla gefe, alminiyam gefe, baƙin ƙarfe gefe, batir da nasa farashin. Janareton nan akwai wayar tagulla a cikinsa. In ka bari aka ɗora shi a sikeli a dunƙule, da kuɗin baƙin ƙarfe za a biya ka, kuma mai sayen ba zai tuna maka ba. Ka tambayi mutum biyu ko uku kafin ka sallama.

Takin zamani ba ya lalacewa kamar magani. Yuriya tana jan danshi ta dunƙule kamar dutse, a daka ta a yi amfani da ita, ko da ƙarfinta ya ɗan ragu. NPK ma haka. Wanda buhunsa ya yage har ba a san ko mene ne ba, ka nuna wa malaman gonan.

Gwangwanayen iri kuwa, da ni ce kai, su zan fi lallaɓawa. Malamin gona ba ya ajiye iri ba rubutu. Za ka ga 'yar takarda a ciki ko a manne a murfi, da rubutun hannunsa, sunan iri da shekara. Irin albasa ba ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu, na tumatir yana iya kai huɗu in bai sha zafi ba. Kada ka yi ta zato: ɗebi ƙwaya 20 daga kowanne, ka naɗe a tsumma mai danshi, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan mako guda ko kwana goma ka ƙirga. In 15 sun tsiro, iri ne. In biyar ne, ka shuka da yawa ka tara sabo a bana, domin wata kuɓewar ko wani barkonon da ya yi shekaru yana zaɓa ba za ka same shi a shago ba. Wanda ka ga ya yi launin ja ko shuɗi an wanke shi da magani ne, ba a ci, ba a ba kaji. Kuma daga yau iri ya bar ɗakin kwano ya koma cikin gida inda ke da sanyi, a kwalba mai murfi.

Mayar da kaya ba wuya in ɗakin ya zama fili. Ka fara da ginin: toshe ramukan ɓera da siminti, sa raga a taga, sabuwar ƙofa mai dokin ƙofa na siminti, duba katakon rufi ko gara ta ci, liƙe inda kwano ke yoyo tun kafin ruwan farko. Dokar ɗakin guda ɗaya ce, kada komai ya zauna a ƙasa jingine da bango, domin nan ne gidan ɓera da kunama. Masu dogon hannu su hau bango a kan ƙusa, bakinsu sama da kan yaro. Ka zagaye kowanne da alli ko fenti a jikin bangon, duk wanda aka ara sai siffarsa ta tsaya tana tambayarka. Taki a kan katako, tazarar taki ɗaya daga bango. Ƙusoshi da noti a gwangwanayen madara, a rubuta a jiki. Teburin aikinsa ya koma gindin taga. Maganin da za ka ci gaba da amfani da shi ya zauna a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a mazubinsa na asali, kuma ka riƙa sayen na damina ɗaya kawai. Abinci ko hatsi kada ya sake kwana a ɗakin.

Sabuwar ƙofa za ta zo da sabon kwaɗo, kwaɗo kuma da makulli uku yake zuwa. Ka miƙa wa Hajiya duka ukun, ka ce ta ba ka ɗaya in ta ga dama. Sannan ka tambaye ta wane kwami ne Malam yake fara shukawa in ruwa ya sauka, kuma me yake sawa a ciki.

Gwaggonka